Kofur Mele da Shirwa

Mele ɗan dako ne a kasuwar Lafiya kafin a kwashe shi zuwa yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Can ma dakon ya yi, sai dai na harsashi. Ya dawo da igiya biyu a hannun riga da labari guda, wanda bai gaji da bayarwa ba har ya bar duniya.

Labarin jiragen sama ne masu tashi daga kan jirgin ruwa. Sai su lula har su koma kamar ƙuda, su sa rana a bayansu don kada ido ya iya kallonsu. Sannan matuƙi ya kifa hancin jirgin, ya buɗe wasu faifai masu huji a jikin fukafukai don rage gudu, ya sulalo tsaye a kan abin da ya nufa. Sai ya kusa ƙasa zai saki bom, ya fizgi jirgin sama har idonsa ya yi duhu.

"A nan ake samunsa," in ji Mele. "Sa'ad da yake ɗagowa, makaho ne."

Da damina kazar matarsa Fanna ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma sha ɗaya, shirwa ta sa musu ido.

"Kofur," in ji Fanna, "kai da ka san masu faɗowa daga sama, ga ƙanwarsu nan. Ka tsare mini kajina."

Mele ya ɗauki majajjawa, ya zauna a tsakar gida yana fuskantar rana, yana jiran ɗagowa. Ita kuwa shirwar, da alama ba ta yi soja ba. Ta bayan rumbu take ɓullowa, ƙasa-ƙasa. Kwana huɗu, 'yan tsaki suka koma biyar, randar maƙwabcinsu Sha'aibu, da ta sha dutsen majajjawa, ta koma biyu.

Fanna ta yafa gyale ta tafi marina, ta roƙo ruwan shuni a ƙwarya, ta tsoma 'yan tsakin a ciki ɗaya bayan ɗaya. Shirwa ta yi shawagin kwana biyu, ba ta ga abin da ta sani ba, ta yi hanyar Kwandere.

Da la'asar Mele ya yi wa mutanen ƙofar gida bayani. "Dabarar yaƙi ce. Haka muke shafa wa motoci fenti a Bama, na sama ba ya gane su. Shi ne muka yi wa kajin."

Fanna tana jin sa ta bayan zana. Ta dubi hannayenta, shuɗaye har wuyan hannu, ta ci gaba da tankaɗe.