Saƙon Da Ke Tambayar Jikin Nadine

Delfina Arreola ta iya kiran mai saye tun kafin ta iya ɗaure igiyar takalminta. Mahaifinta yana da rumfa a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi a bayan garin Fresno, yana sayar da barguna da tukwane da duk abin da ya faɗo masa da araha. Ita kuwa aikinta ta hau kan kwandon lemo da aka kifa, ta yi ta kira. Shi ya koya mata cewa mutum ba don kaya yake juyowa ba, sai in ya ji kamar da shi ake.

"Kar ki ce ga bargo," in ji shi. "Ki ce, mai jar hula, sanyi fa na tafe."

Wannan ilimin kaɗai ta gada a wurinsa, ilimin kuma ya ci da ita har ta doshi shekara arba'in. Ta yi karatu, ta kama ɗaki a Oakland a saman wani shagon miyar taliya, kullum safe jirgin ƙasa ya bi da ita ta ƙarƙashin ruwa ya fito da ita San Francisco. Aikinta shi ne ta sa mutane su sauke manhaja a wayarsu, sannan, wanda ya fi wuya, ta sa su dawo su sake buɗe ta.

Ta yi wa manhajar masu fitar da karnuka yawo aiki. Ta yi wa wata mai koya wa mutane jan numfashi, sai ka ce da can ba sa yi. Ta yi wa ta wanki da guga. Duk sun mutu, kuma mutuwar iri ɗaya ce: a kira taro da safe ba zato, mai kamfani ya yi ƙwalla, a raba kwalaye kowa ya zuba tarkacensa. A ta farko ta yi kuka a banɗaki. A ta biyu ta yi fushi, ta yi mako ba ta ɗaga wayar kowa. A ta uku abin da ta tambaya kawai shi ne ko za ta iya tafiya da kujerarta. Rigunan kamfanonin nan masu tambari suna nan cike da aljihun tebur, da su take kwana.

Daga nan wani abu ya daskare a cikinta. In lamba ta hau ba ta murna, in ta faɗi ba ta jin tsoro. Mahaifiyarta takan kira ta ce, "'Yata, kina dai cin abinci?" Sai ta ce tana ci, kuma gaskiya ne, tana ci a gaban allo, ba ta san ɗanɗanonsa ba.

Kamfanin da take yi wa aiki a wannan karon ƙarami ne, ma'aikatansa ba su cika mota biyu ba. Manhajarsu ta masu jinya a gida ce. Ka sa sunan mara lafiyarka da magungunansa da lokutan sha, ita kuma ta riƙa tuna maka. Abu ne mai amfani, amma kasuwar ta cika maƙil da irinta, har da ta manyan kamfanoni da ke ba da tasu kyauta. Mai kamfanin, Soren Whitlock, saurayi ne dogo mai rigar sanyi marar hannu wadda ba ya rabuwa da ita ko ana zafi. Ba mugu ba ne. Jinyar kakarsa ce ta sa ya ƙirƙiro manhajar, kuma ya ba da labarin sau da yawa har ya daina jin sa.

Wata safiya ya dawo daga wurin masu zuba jari fuska ba walwala. Sun ce masa sabbin mutane ba su dame su ba, kowa na iya sayen sababbi da talla. Abin da suke son gani shi ne waɗanda suka daina buɗe manhajar sun dawo. In ba su gani ba kafin zaman da za a yi a ƙarshen bazara, to kowa tasa ta fisshe shi.

"Delfi, wuƙa da nama na hannunki," ya ce. "Dawo mini da waɗanda suka zille."

Haka suke kiransu a ofishin, waɗanda suka zille, kamar awakin da suka tsinke igiya.

A wannan sana'a ba a gardama kan magana, gwaji ake yi. A rubuta saƙo iri biyu, a tura wa rabin mutane wannan, rabi wancan, wanda aka fi dannawa shi ya ci. Ba wanda ke tambayar dalili, dalili na masu lokaci ne. Delfina ta rubuta na farko yadda kowa ke rubutawa: mun yi kewarka, dawo ka ga sabbin abubuwa. Na biyu kuwa ta bar gurbi, ta sa inji ya ɗauko sunan mara lafiyar da kowane mutum ya taɓa shigarwa ya cike. Yaya jikin wane yau? Ta sa ya riƙa fita duk Talata da safe.

Na biyu ya yi wa na farko fintinkau. Tuan Lam, injiniyan da ke zaune kusa da ita, wanda matarsa ke da tsohon ciki, ya leƙo allonta ya yi fito.

"Ke wai mayya ce? Me kika barbaɗa musu?"

"Suna," ta ce.

"Suna kawai? Ni shekara nawa ina gyara maɓallai ba wanda ya dawo don ni."

Akwai ƙararrawar tagulla a bakin ƙofar ofishin da ake kaɗawa in an yi nasara. Soren ya kaɗa ta har sai da na ofishin maƙwabta suka buga bango. Delfina ta yi murmushin da ya kamata, ta koma kan kujerarta.

Ba a daɗe ba sai taurari suka fara zubewa. A shagon manhajoji kowa na iya ba da tauraro ɗaya zuwa biyar ya rubuta ra'ayinsa, karanta su kuma yana cikin aikinta. Wata ta rubuta cewa mahaifiyarta ta rasu tun kaka, yau tana tuƙi wayarta ta tambaye ta jikinta. Wani ya rubuta layi ɗaya: ɗana ne, shekararsa tara, ku ji tsoron Allah.

Sai a lokacin ta yi tambayar da ya kamata a yi tun farko. Wa ke daina tuna lokacin maganin mara lafiya? Wanda nasa ya warke, da wanda nasa ya tafi. Mutane masu digiri sun zauna sun zana maɓallin komai a manhajar nan, har da na sauya launi, amma ba wanda ya tuna da sa wurin da mutum zai ce an yi rasuwa. A cikin zanensu mara lafiya ba ya mutuwa, mai jinya ne kawai ke zillewa. Su kuwa mutanen ba dawowa suke yi ba. Sunan suke gani, hannunsu ya danna kafin hankalinsu ya iso, inji kuma ya rubuta cewa sun dawo.

Ta jira ta ji abin ya dame ta. Bai dame ta ba. Ta tashi ta sami Soren a ɗakin gilashi ta faɗa masa.

Ya rufe fuska da tafin hannu. "Wannan mummunan abu ne," ya ce. "Amma ba duka ba ne, ko? Wasu ai warkewa suka yi."

"Wasu."

"Za mu sa maɓallin rasuwar. Na rantse za mu sa. Mu dai tsallake zaman nan tukuna." Ya ɗago ya dube ta. "Ba zan tilasta miki ba, Delfi. Saƙonki ne. In kin ce a kashe, a kashe."

Wannan ita ce irin kunyar da masu kamfani suka iya: su aza maka kayan a ka, su ce ai kai ka zaɓa.

Suna da al'ada, lokaci lokaci a kira wani mai amfani da manhajar a waya a ji ta bakinsa, a tura masa katin shan kofi don godiya. Delfina ta yanke shawarar kiran ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo. Ba bayani take nema ba. So take wani ya zage ta tas, ko zagin zai farkar da abin da ya yi barci a cikinta, ta sami ƙarfin kashewa. Ta zaɓi wani da ke buɗe saƙon duk mako ba fashi, Alvin Prewitt, a wani ƙaramin gari a Nebraska.

Muryar dattijo ce, mai nauyi, ba ya sauri. Ya ce shi makanikin motocin 'yan makaranta ne kafin ya aje aiki.

"Mista Prewitt, kan saƙon da muke turo maka ne ranar Talata."

"Na Nadine."

"Eh. Ita tana..."

"Ta rasu, 'yata. Kafin dusar ƙanƙara ta fara."

"Ka yi haƙuri. Laifina ne, ni na rubuta shi. Yau zan sa a cire ka."

"Tsaya mana, ina za ki da sauri haka?" Ta ji ƙarar kujera, ya gyara zama. "Ranar farko dai kin kusa kashe ni. Ina shagon kayan gini, sai da na zauna kan buhun abincin tsuntsaye, yaron shagon yana tambayata ko a kira motar asibiti. Na so in yi jifa da wayar. Amma bari in faɗa miki. 'Ya'yana suna kira, su ce Baba yaya kake, ka ci abinci? A coci su ce marigayiya, su ce matarka. Kowa na kewaye sunan kamar rami a hanya, wai kar su tayar mini da hankali. Shekara hamsin da ɗoriya ina jin sunan nan a gidan nan kullum, rana ɗaya aka ɗauke shi. Sai saƙonki."

Delfina ta ƙara matsa wayar a kunne.

"Na san inji ne, ni ba yaro ba ne. Amma in ya tambaya sai in amsa masa. In ce Nadine ta huta, ba abin da ke mata ciwo. Sannan in buɗe in duba magungunanta, in sha kofina. Kar ki kashe mini. Katin kofin ma ki riƙe abinki."

Ta aje wayar. Sannan ta juya wajen Tuan ta tambaye shi ko za a iya barin saƙon ga mutum ɗaya tak, a kashe wa sauran.

"Kafin shayinki ya huce na gama," ya ce. Bai dube ta ba, yana wasa da hoton asibiti na jaririn da ke cikin matarsa, wanda ke manne a gefen allonsa. "Ki ce a yi kawai. Sai dai mu fara goge takalman neman aiki."

"Bari sai gobe."

Gobe ta zo, ta ce bari a ga na wannan Talatar. Ba ta yi wa kanta ƙarya ba, ta san hanyar da ta dace a buɗe take, ba tsada ba wahala. Kuma da Soren ya zo yana haɗa bayanin da zai yi wa masu zuba jari, yana neman labari mai taɓa zuciya, ita da bakinta ta ba shi na dattijon. Bai roƙe ta ba. Ta ji kanta tana faɗa, har da buhun abincin tsuntsayen, da murya irin wadda take karanta lambobi da ita.

Ranar zaman tana daga bayan ɗaki. Soren ya nuna layin adadin waɗanda suka dawo, wanda ya miƙe sama, sannan ya sassauta murya ya ce akwai wani dattijo a Nebraska da ya roƙe su kar su daina yi masa magana. Bai ambaci taurarin ba, ba wanda kuma ya tambaya. Wata mata cikin masu jarin ta share ido. Suka amince.

An sayo burodi mai cuku da lemo mai kumfa. Tuan ya rungume ta ya ce in mace aka haifa sunanta za a sa. Soren ya ja ta gefe ya ce maɓallin yana nan cikin abubuwan da za a yi, amma tunda abin na tafiya, me zai hana a bar saƙon ya ƙara ko wata guda, kar masu jari su ga layin ya karye tun tawada ba ta bushe ba. Ta gyaɗa kai. Ta laluba cikinta tana neman kunya, ko baƙin ciki, ko da murnar cewa ba a raba kwalaye ba. Abin da ta samu gajiya ce kawai, da sanin cewa ta iya aikinta.

Talata da safe ta iso ofis kafin kowa, ta kunna allo, ta zauna da jakarta a cinya. Lokaci ya yi, saƙon ya fita. Lambar masu buɗewa ta fara motsi, ɗaya bayan ɗaya, sannan da gudu, har ido ba ya iya bi. Ta san ɗaya daga cikinsu Alvin Prewitt ne da kofinsa. Ɗaya tak. Sauran lambobin wayarsu na nan a gabanta, ba ta kira ko mutum guda ba, kuma ta san abin da ya hana ta: muddin muryar Alvin kaɗai ta ji, ba sai ta kashe saƙon ba.