Rezo a Bisa Buhunan Gero

A tashar Tanout wani mutum yana tsaye bisa buhunan gero, ya ɗaga waya sama. Garin allin da ke hannun rigarsa ya nuna malamin lakwal ne, wato makarantar boko, wataƙila daga ƙauyen da rezo ba ya kaiwa. Yana sauke darussan da aka turo musu ta WhatsApp, na jarrabawar da za ta tabbatar da shi a aiki, amma abin ya tsaya a rabi. In hannu ya gaji, sai ya sauya ɗayan.

"Mushe, mu fa mun tafi," in ji direban motar Belbeji. "Babu wata sai jibi."

Ya dubi wayar, ya yi ajiyar zuciya.

"To, sauko mini da jakata."