Shekarun Aurelio na Ƙetare

Aurelio Bertoldi ya bar garinsu Bahía Blanca gemu bai gama fito masa ba, ya dawo da furfura da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Tsakanin tafiyar da dawowar ya buga ƙwallon kwando a Italiya da Girka, har ya ɗaga kofin ƙasa a wani garin bakin teku, inda aka ɗauke shi a kafaɗa aka zagaya kasuwa da shi. Matarsa 'yar can ce. Da auren ya mutu ta riƙe 'yarsu, shi kuwa ya tattaro ya dawo gidan iyayensa, ya tarar babu kowa a ciki sai kujeru.

Kullum da la'asar yakan je kulob ɗin unguwarsu, ya hau bencin can sama da butar ruwan zafi da ƙoƙon mate, shayin ganyen da mutanen garin ke sha. Na kowa yana zagayawa hannu-hannu, nasa kuwa daga hannunsa sai bakinsa. Ba ƙinsa ake yi ba. Waɗanda suka san shi sun kusa ƙarewa, matasan kuma dogon tsoho kawai suke gani.

Da kulob ya yanke shawarar ware bango don hotunan gwarazansa, Aurelio ya je ya yi aski. Rubén mahauci, abokin wasansa na ƙuruciya, yana cikin kwamitin, don haka ya bi ta shagonsa kamar nama ya kawo shi.

"Dogo, jiya an sha gardama a kanka," in ji Rubén yana wasa wuƙa.

"Me na yi kuma?"

"Wai abin da ka ci a ƙetare na mutanen ƙetare ne. Bangon namu ne, ba na Girkawa ba."

"To a gidan uban wa na koyi jifa? A wane fili aka fasa mini haƙori? Kai ne ma ka fasa shi, mugu."

Rubén ya yi dariya, sannan ya ajiye wuƙar. "Na faɗa musu, har na daki tebur. Amma ɗan'uwa, gani ya kori ji. A cikinmu wa ya ga wasanka a can? Labari muke ji, shi ma daga bakinka."

Aurelio ya karɓi ƙunshin namansa ya fita.

A ƙarshe dai an sa shi. Ranar buɗe bangon aka gasa nama a tsakar kulob, aka yaye ƙyalle, ya bi hotunan har ya tarar da nasa a layin ƙasa: wani siririn yaro mai manyan kunnuwa, an rubuta cewa yana cikin waɗanda suka ci gasar matasa ta gari. Babu Italiya, babu Girka. Shugaban kulob ya kira shi "ɗanmu da ya sha yawon duniya", aka tafa, aka wuce na gaba.

Ya daɗe tsaye yana kallon yaron. Rubén ya zo ya dafa shi ya ce, "Iya abin da na samo maka ke nan, Dogo."

"Na gode. Ya yi."

Da 'yarsa ta kira ta tambayi yadda bikin ya kasance, ya ce mata naman ya yi daɗi. Bai daina zuwa kulob ba, sai dai tun daga ranar ta ƙofar gefe yake shiga, wadda ba ta bi ta gaban bangon.