Tambayar Mai Suyar Kifi A Karibiyan

Ina tsaye a tashar jiragen ruwan wani ƙaramin gari a tsibiran Karibiyan, masunta suna sauke kifi. Daga birnin Guangzhou na China, inda nake kasuwanci, na je ganin wani kwastomana.

Wata tsohuwa mai suyar kifi, baƙa kamar gwaggona, ta ce da Turanci, "Ɗana, daga ina?"

Na ce, "China, Mama."

"Kayanka ne daga China. Kai fa?"

"Kano, a Najeriya."

Ta juya kifinta cikin mai. "Riƙe sunan nan da kyau. Mu da aka kawo kakanninmu a jirgi, namu ya ɓace a teku."

Da na dawo Xiaobei, unguwar da muke zaune a Guangzhou, na tambayi 'yata sunan unguwarmu a Kano. Ba ta sani ba.

Mazauna waje, naku yaran sun sani?