Mun Je Garwa Kallon Fuskar Maigida

Tcholliré

Ana idar da sallar asuba muka fito, ni da maigidana Malam Sale mai tsire. Kwanakin baya wasu samari masu tallan kayan ɗanɗanon miya sun ɗauki hotonsa a bakin tukuba. Sai ga waya, wai za a haska shi a bangon wani bene a Garwa. Mutumin da ko bikin dangi sai an ja shi, shi ne har da sayen sabuwar hula.

Hanya

Motar ajans, wato motar kamfanin sufuri, ta girgiza mu har Gijiba, inda muka hau kwalta. A shingen bincike jandarma ya karɓi katin shaidar Malam yana dubawa.

"Kalle ni da kyau," in ji Malam, "yau za ka gan ni a bango."

"Nemanka ake yi?" jandarman ya tambaya da Fulatanci.

Da ƙyar direba ya warware zancen. Daga Ngong kuwa, duk ƙaton allon talla da muka wuce sai Malam ya leƙa ta taga, ko na siminti ne.

"Malam, ka taɓa zama buhun siminti?" na ce.

"Ke dai ci gyaɗarki."

Garwa

Da azahar muka haye gadar Binuwai, muka sauka gidan ƙanwata Asabe a unguwar Roumdé Adjia. Ta kawo tuwo da miyar kifi, Malam ya kasa ci.

Bayan magariba muka hau moto, wato babur ɗin haya, zuwa wurin. Jama'a cike. Aka kunna na'urar haska hoto, benen nan ya zama garwashi, tsire na juyawa daga hawa zuwa hawa. Can sai ga fuskar Malam, haɓa a ƙasa, goshi a rufi. Wata taga ta faɗo daidai hancinsa. Ana cikin haka wani ya buɗe ta daga ciki, ya shanya tawul.

Wurin ya ɗauki dariya. Ni ma na fara, sai na ga Malam ya cire hula ya sunkuyar da kai.

"Mu tafi, Ladi," ya ce a hankali.

Kafin mu juya wani dattijon mahauci ya riƙo hannunsa.

"Kai ne, ko? Yadda ka riƙe wuƙar nan na san ɗan gado ne. Gobe ka zo kwata, 'yan'uwa su gaishe ka."

Malam ya mayar da hula. Sai da muka kalli tallan har aka kashe na'ura.

Gida

Washegari da dare muka iso, da cinyar bijimi da mahautan Garwa suka ba shi. Mun gode wa Allah, mun gode wa Asabe. Malam ya ba duk unguwa labari, amma a nasa labarin benen ba shi da taga.