Madubin Sahabi Mai Fito

Kafin ruwan madatsar Kainji ya taso, Sahabi mai fito ne a Tungan Dudu, wani ɗan ƙauye a bakin kogin Kwara, tsakanin Yelwa da Warra. Sana'ar gado ce. Daga hantsi zuwa la'asar yana ƙetarar da mutane da awaki da buhunan gero, duk wanda ya sauka sai ya jefa masa kwabo ko ɗari, wato rabin kwabo, a ƙoƙon da ke gindin jirgi. Ba mai yawan magana ba ne. In an gaishe shi ya amsa, in an ja shi da hira ya yi murmushi ya ci gaba da tuƙi.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, wata rana ya tsinci wani kwabo a ƙoƙon nan wanda hudarsa ba ta tsakiya, ta karkace gefe har ta ci rubutu. Ya ɗauka jabu ne, ya ɗaga hannu zai wurga shi ruwa. Malam Ishaya, malamin firamare da ke ƙetarawa duk Asabar, ya ce ya dakata. Ya karɓa ya jujjuya, ya sake shi a kan katako ya saurari ƙararsa.

"Wanga ba jabu ba ne, Sahabi. Na gwamnati ne sak. Injin da ke buga su ne ya kuskure."

"Injin Turawa na kuskure?"

"Yana yi, jefi-jefi. A can ƙasarsu har akwai masu tara irinsu."

Sahabi ya sa kwabon a aljihu. Abin ya tsaya masa a rai. Shi a saninsa kuɗi duk fuska ɗaya gare su, ashe in an duba da kyau akwai bambanci. Daga ranar ba ya kashe sulalla sai ya dube su gaba da baya.

Matarsa Hafsatu ta fi shi ido. Da yamma in ya dawo, kafin rana ta faɗi, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ta zazzage ƙoƙon a faifai. Ba ta yi boko ba, amma ta san siffar kowane harafi kamar yadda ta san zanen ƙwarya. Ita ta gano cewa wasu kwabban suna da wani ɗan ƙanƙanin harafi da wasu ba su da shi. Ita ta gano sisin da bakinsa ya guntule tun daga wurin bugu, da sulen da rubutunsa ya hau kan juna. Takan ce, "Malam, dubi wanga, an buga shi sau biyu." Shi kuwa ya ƙura ido bai ga komai ba, sai dai ya yarda da ita ya jefa a gwangwanin da suka keɓe. A shekara takwas abin da suka tara bai cika tafin hannu biyu ba.

Sai ruwa ya zo. An daɗe ana faɗa, ma'aikata sun zo sun auna, sun kafa turaka, amma mutane ba su gaskata ba sai da suka ga gonakin albasa sun nutse. Aka kwashe mutanen Tungan Dudu, aka raba su. Wasu aka kai su wajen Shanga, wasu suka bi danginsu Yelwa. Sahabi da Hafsatu suka sami ɗaki biyu a sabon matsuguni kan tudu kusa da Warra, gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi, a jere kamar an zana da igiya. Maƙwabtansu ba baƙi ba ne gaba ɗaya, amma ba waɗanda suka tashi tare ba ne.

Fito kuma ya ƙare. Kogin da yake ƙetarawa yana hango mutum a ɗaya gaɓar ya zama tafkin da ido ba ya kai ƙarshensa, sai jirage masu inji. Ya koma ɗan kamun kifi kusa da gaɓa da gyaran koma, ragar kamun kifi. A damina ta biyu zazzaɓi ya kama Hafsatu, kwana tara ta cika. 'Yarsu guda, Altine, tana aure a Shanga. Ta zo ta yi kwana arba'in, ta roƙe shi ya bi ta, ya ce jirginsa na nan. Ta koma.

Shekara uku bai buɗe gwangwanin ba. Yakan dafa abin da zai ci da kansa, ya ci a ƙofar ɗaki, ya wanke kwano. Wuni guda na iya wucewa bai yi magana da kowa ba in ban da sallama a masallaci.

Abin da ya tashe shi shi ne labarin canjin kuɗi. Aka ce fam da sule za su tafi, naira na zuwa, sabon kwabo ma ba huda gare shi. Ya ga cewa tsofaffin sulalla za su ɓace ba wanda ya dube su. Ya ɗauko gwangwanin ya zazzage a faifai, sai ya tarar idonsa ya tafi. Hudar da ta karkace yana gani, amma rubutu ya zama hazo.

Ranar kasuwa ya shiga jirgin inji zuwa Yelwa. Aka kwatanta masa rumfar Yusha'u mai gyaran agogo, wani dattijo siriri da ke zaune bayan akwatin gilashi. Bayan gaisuwa Sahabi ya ce yana neman madubin ƙara girma.

"Na karatu?"

"Na duban kwabo."

Yusha'u ya ɗago ya dube shi. Bai yi dariya ba. Ya ce, "To, miƙo kwabon mu gani, don kowane madubi da aikinsa."

Yusha'u ya fito da madubai guda uku. Na farko babba ne mai mariƙi, faɗinsa ya kai bakin ludayi. Sahabi ya so shi, don kwabon gaba ɗaya ya fito a ciki. Amma da ya nemi ɗan harafin nan, sai ya ga har yanzu ɗigo ne kawai.

"Babba ba shi da ƙarfi," in ji Yusha'u. "Na masu karanta wasiƙa ne. Ga nauyi, kuma ba ya shiga aljihu. Kai da kake bisa ruwa, kwana nawa zai yi bai fashe ba?"

Na biyu irin na Yusha'u ne na aiki, ɗan baƙin ƙoƙo da ake maƙalawa a ido. Wannan ƙarfi gare shi, har tsagar da ke jikin ƙarfe ta fito kamar kwari. Sai dai fatar idon Sahabi ta ƙi riƙe shi, ya faɗo sau biyu, hawaye ya cika masa ido.

Na uku ƙarami ne, bai wuce girman sule ba, yana naɗewa cikin kubensa na ƙarfe, da 'yar kafa ta zura igiya. Yusha'u ya ce a cikin kayan wani ma'aikacin awo ya saye shi lokacin da aka gama aikin madatsa. Ya fito da Sahabi bakin rumfa inda haske yake.

"Kada ka miƙa hannu nesa. Kawo madubin daf da ido, sannan ka matso da kwabon a hankali har shi fito. Ka jingina hannu da kunci don kada shi yi rawa. To duba gefe-gefe, rubutun ya lanƙwashe?"

"Bai lanƙwashe ba."

"Akwai launi ja ko shuɗi a bakin harufan?"

"Babu."

"To gilashin kirki ne. Na banza tsakiyarsa kaɗai ke gani."

Sahabi ya ciro sulen nan ya sa. Nan ya ga kowane harafi da inuwarsa a gefe, siririya kamar gashi, yadda Hafsatu ta faɗa shekarun baya. Ya daɗe a tsaye bai sauke hannu ba. Yusha'u ya koma ciki ya kama aikinsa. Da Sahabi ya shigo ya ce, "Wanga nika so." Suka daidaita, Yusha'u ya zura masa igiyar fata ya rataya a wuya.

Watannin da suka rage kafin tsofaffin kuɗi su ƙare, kullum yana kasuwar Warra. Yakan tsuguna gefen masu kifi da masu ƙuli-ƙuli ya roƙa a bar shi ya duba cinikinsu, in ya ga wanda yake so ya musanya da nasa. Da fari suna tsoron ko wani siddabaru ne, daga baya suka saba. Suna miƙa masa kwano su ci gaba da hirarsu, ba mai tambayar abin da ya gani. Ya sami guda huɗu a wannan lokacin, ciki har da aninin da ba a huda shi ba sam.

Mutum ɗaya ke son gani, shi ne Yusha'u. Duk bayan wata biyu Sahabi kan je Yelwa, su zauna bakin rumfa, wannan da madubinsa wancan da nasa, su yi gardama a kan ko tabon da ke jikin wani taro, kuɗin kwabo uku, na inji ne ko duka ya sha a hannun mutane. Su ci gasasshen kifi, la'asar ta yi ya kama jirgin komawa. Haka suka yi shekara huɗu.

Wata tafiya ya iso ya tarar da tela a rumfar. Telan ya ce mai agogo ƙafa ta matsa masa, 'ya'yansa sun zo sun tafi da shi Kontagora tun watan jiya. Sahabi ya tambaya ko ya bar saƙo, aka ce bai bari ba. Ya zauna a bencin telan har keken ɗinki ya yi shiru don sallar azahar, sannan ya tashi ya nufi bakin ruwa. Bai sake zuwa Yelwa ba.

Ya ƙara damina biyu. Da ƙarfinsa ya ja baya, Altine ta zo da mijinta, wannan karon bai yi musu ba. Ya bar wa wani maƙwabci jirgin, ya bi su Shanga, aka ba shi ɗaki a zaure. Can ya rasu da kaka, ana cikin yankan shinkafa, mutanen gidan duk suna fadama.