Wa Ya Yanka Saniyar?

Ina tsaye a barandar wani asibiti a Alƙahira, ƙafafuna sun kumbura don zirga-zirga, sai ga kiran Balkisu, ɗiyar yayana, mai karatun aikin jinya a gida.

Yayan nawa masunci ne a Wara, shi na kawo asibitin. Wata 'yar ƙofa da jini ke bi a zuciyarsa ta lalace, likita ya ce a sauya. Ko a sa ta ƙarfe, wadda sai da gwajin jini har ƙarshen rai, ko wadda aka yi da tantanin zuciyar saniya. Mutumin da ke wuni cikin kwalekwale, ina shi ina zaryar gwajin jini? Muka zaɓi ta saniya.

"Baffa, mun tattauna da 'yan ajinmu, kowa ya ce a'a. Wa ya yanka saniyar? Da bisimilla anka yanka ta?"

Na ce, "Balkisu, ba fa miya za mu yi da ita ba."

"To ni dai na hwaɗa ma Inna."

Shi ke nan. Inna, tsohuwarmu, ta kira Yaya tana kuka. Yanzu Yaya ya juya fuska bango, ya ce ba mai taɓa shi. Numfashi kuwa sai yana zaune yake samunsa.

Ban ce tambayarta banza ce ba, tsoron Allah ya sa ta. Amma ga malamai birjik can gida, a Yelwa, aka tsallake su aka kai wa tsohuwa.

Ma'aikatan jinya, ku faɗa mini: haka ake koya muku, a fara tsorata majinyaci, a nemi sani daga baya?